Neman shawara: jingar tafkin gonata tana tsattsafo da ruwa ga marka ta gabato

Mai tambaya, daga ƙasar Zuru:

Assalamu alaikum. Ina da ɗan tafki a gonata wanda mahaifinmu ya samar ta hanyar datse wata ƙorama da jingar ƙasa mai tsayin kusan mita 3. Ba na kasuwanci ba ne, wurin hutawar iyali ne, akwai tarwaɗa da karfasa a ciki. Tun shigowar damina na lura ƙasar gindin jingar ta waje ba ta bushewa, ruwa yana tsattsafowa a wuri ɗaya, ga kuma bishiyoyin maina da suka girma a kanta. Mai kula da gonar yana ganin a ƙara wa jingar tsayi, a kuma toshe mafitar ruwan da buhunan yashi domin tafkin ya kai mu rani. A ƙasa da mu akwai lambuna da gidajen mutane, abin da ke hana ni barci ke nan. Me ya kamata in fara yi?

Wani injiniyan ruwa, daga Birnin Kebbi:

Wa alaikumus salam. Alhaji, kada ka bari a ɗora ko buhu ɗaya a mafitar nan. Jingar ƙasa tana iya riƙe ruwa shekara da shekaru, amma ba ta jure ruwa ya hau kanta, domin da zarar ya tsallake zai fara cin bayanta, kuma cikin ɗan lokaci sai ta ɓalle. Mutanen Zamfara ba su manta da madatsar ruwan Gusau ba, wadda ta ɓalle a ƙarshen Satumba na 2006 bayan ruwan sama mai yawa, aka rasa kimanin mutum 40, alhali ta fi taka girma da ƙarfi nesa ba kusa ba. Abin da mafitar take buƙata shi ne a share ta, a fitar da yayi da itatuwa, a shimfiɗa duwatsu inda ruwa yake sauka, a kuma tabbatar cewa ko tafkin ya cika maƙil akwai tazarar da ta kusa mita 1 tsakanin ruwa da saman jinga.

Shi kuwa tsattsafowar, launin ruwan ne zai gaya maka gaskiya. Ka ɗebi ruwan a farar kwalba ka ajiye ta ta kwana. Idan ka tarar da shi garau, kuma yawansa bai ƙaruwa, to da sauƙi, domin kusan kowace jingar ƙasa tana ɗan yoyo. Idan kuwa ka ga laka ta kwanta a gindin kwalbar, to ruwan yana kwashe ƙasar cikin jingar ne, yana haƙa wa kansa hanya a inda ido ba ya gani, kuma wannan ba abin jira ba ne. Kada a liƙe wurin da siminti, domin ruwan zai ɓullo ta wani gefen. A shimfiɗa yashi mai tsabta a kai, a bi shi da tsakuwa, ruwa ya wuce ƙasa ta tsaya, sannan a rage ruwan tafkin da injin ban ruwa a hankali cikin kwanaki. Idan aka zuƙe shi lokaci guda, gefen jingar na ciki da ya jiƙe yana iya zaftarewa.

Wani manomi, daga Yauri:

A ganina bishiyoyin ne ummul aba'isin matsalar. A sare su duka, tun yau.

Injiniyan ya sake cewa:

Malam, ka yi gaskiya cewa bishiya ba ta da gurbi a kan jinga, amma akwai tsari. Ƙanana a tumɓuke su yanzu. Manyan idan aka sare aka bar kututture, saiwoyin za su ruɓe su bar ramuka, ruwa kuma ya bi su. Aikin rani ne, lokacin da ruwa ya ja baya: a tono saiwoyin, a cike gurbin da ƙasa mai danƙo kaɗan-kaɗan ana daɓewa. Bayan haka a shuka kiri-kiri, a riƙa yanke shi gajere domin a iya ganin tsagewa, ramin gafiya ko shurin gara, a kuma hana shanu hawa.

Wata ma'aikaciyar lafiya, daga Argungu:

Baba, ina roƙon a duba batun yara. A kewaye gefen da yake da zurfi, kada kuma yaro ya shiga ruwan ba babba a kusa. Ruwan da yake kwance yana tara katantanwar da ke yaɗa tsargiya, saboda haka duk yaron da aka ga jini a fitsarinsa a kai shi asibiti, maganin yana samuwa.

Wani dattijo, daga Jega:

Haƙƙin maƙwabta fa? Ka je wurin mai unguwar mutanen da ke ƙasa da kai ka sanar da shi halin da ake ciki, ku karɓi lambobin wayar juna, ku kuma amince da tudun da za a nufa idan ruwa ya yi ƙarfi da dare. Sannan ka nemi ma'aikatar albarkatun ruwa ta jiha ko Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima su turo wanda zai ga jingar da idonsa, domin shawarar waya ba ta kai gani ba.

Mai tambaya:

Allah ya saka muku da alheri. Na gwada kwalbar, kuma akwai jar laka a gindinta. An kwashe buhunan da aka tara, an kawo yashi da tsakuwa, injin yana aiki tun safe, gobe kuma in Allah ya yarda zan je wurin mai unguwa. Injiniya, zuwa ina zan tsayar da ragin ruwan?

Injiniyan:

Ka kafa sanda a bakin ruwa kana sa alama kullum. Ka ci gaba da ragewa har sai ruwan kwalbar ya koma garau, ka riƙe tafkin a wannan matakin har a zo a duba.