Tudun fenti na hamadar Kalifoniya, ya isa a ba shi yini guda?

Ɗan Nima:
Salamu alaikum jama'a. Insha Allah watan gobe zan je Amurka wajen yayana a San Diyego, sati uku kawai zan yi. To tun yanzu ya ishe ni da hotunan wani tudu a cikin hamada da ake ce wa Salvation Mountain, wai dole sai ya kai ni, wai wani tsoho ne shi kaɗai ya gina shi ya shafe shi da fenti kala-kala da ayoyin Baibul. Ni sana'ata rubutu ne a jikin trotro, wato motar haya, da allon shago tun ina yaro, shi ya sa abin ya shiga raina sosai, amma abu biyu ke damu na, nisan wurin, sannan ni Musulmi ne wurin kuma duk maganar Yesu ce. Wanda ya taɓa zuwa don Allah ya faɗa mini gaskiya.

Baban Aboabo:
Wa alaikumus salam ɗana. Na je, kuma ka je. Daga San Diyego wajen awa biyu da rabi ne a mota, kusa da wani ɗan gari Niland, gefen tafkin Salton. Mutumin sunansa Leonard Knight, ya fara a 1984, tudun farko da ya yi da yashi da siminti ya rushe a 1989 bayan wahalar shekara biyar, wani da ya tattara kayansa ya koma gida amma shi sai ya sake daga tushe, wannan karon da laka da ciyawa, wato dai yadda kakanninmu ke kwaɓa ƙasar gini, ya riƙa lafta fenti a kai don ruwa kada ya cinye. Fentin ma mutane ne ke kawo masa kyauta. A cikin tsohuwar mota yake kwana, ba wuta ba famfo, kusan shekara 30, ya rasu a 2014. Tsayin tudun wajen mita 15 ne. Kai da ka san nauyin buroshi a hannu, in ka tsaya gaban manyan haruffan nan na God is Love, wato Allah ƙauna ne, za ka ga abin da ni ban gani ba. Ku fita da asuba, ku ɗau ruwa da yawa, zafin can lokacin bazara yana wuce digiri 45, na Bawku wasa ne.

Mai Waakye Mamobi:
Ni dai ban ga dalili ba wallahi. Ka biya kuɗin jirgi tun daga Accra, sati uku kacal, sannan ka ƙone yini guda kana kallon gicciye a rana? Ka tambayi malaminku tukuna.

Hajiya Sabon Zongo:
Ƙanwata tambayar malam ba laifi, amma ai ba coci ba ne, ba a yin ibada a wurin, kallo ake a wuce. Mu da muka tashi gida ɗaya da Kiristoci a zongo, trotro nawa muka shiga da aka rubuta Yesu a gilashinta? Kuma Larabanga fa, baƙi nawa ne waɗanda ba Musulmi ba ke tsayawa su ga masallacin, muna jin daɗi ma in sun yaba. Abin da ya taɓa zuciyata shi ne a 1994 hukuma ta so rushe tudun wai fentin ya sa guba a ƙasa, tsohon ya sa aka sake gwada ƙasar a wani wuri daban, aka ce ba matsala, mutane suka tsaya masa har aka bar shi. Yanzu masu aikin sa kai ne ke faci da sabunta fentin, kamar dai yadda ake yi wa ginin ƙasa yaɓe bayan damina.

Ɗan Nima:
Na gode Baba, na gode Hajiya, Anti ma na ji, zan yi wa malam magana ranar Juma'a. Amma zancen laka da ciyawan nan ya gama da ni, nawa fentin a jikin ƙarfe wata shida ya fara kwailewa a ranar Accra. Baba ana barin mutum ya matsa kusa ya duba kaurinsa?

Baban Aboabo:
Ana bari ka matsa, amma ban da hawa ko'ina, lokacin da na je akwai hanya mai ruwan ɗorawa da ya zana, ita ake bi. Kada ka kankare da farce dai, na san halinku masu fenti.