Murjanina na zubar da nama daga gindi, ku taimaka

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da akwatin gilashi na ruwan gishiri, lita 200, a nan Yamai. Tun da zafin Afrilu ya kankama, Acropora ɗina (wani irin murjani mai rai na teku, mai rassa, wanda nama ke lulluɓe da farin ƙashinsa) ya fara saɓulewa daga gindi. Kullum da safe sai in tarar farin ƙashin ya ƙara hawa, kamar an kankare da wuƙa. Ranar da aka ɗauke wuta awa biyar, ruwan ya kai digiri 31, alhali a 26 nake riƙe shi. Awon gishirin ruwan 1.025, KH (awon ƙarfin ruwan wajen hana tsami) 8. Na canza ruwa, har gorar ƙanƙara na jefa, duk a banza. Zafin ne kaɗai, ko cuta ta shiga? In yanke rassan da suka rage tun abin bai kai su ba?