Kwamfutata tana zafi, tana nauyi, batir ba ya riƙe caji: in gyara ko in sayar?

Mai tambaya

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, ina zaune a unguwar Ali Ɗan Sofo. Ina da kwamfutar tafi-da-gidanka wadda na saya ta hannu shekara biyu da suka wuce: Core i5-8250U, RAM (ma'ajiyar aiki ta wucin gadi) giga 8, faifan ajiya mai juyawa na tera 1, Windows 10. Tun da bazara ta kama fankarta ba ta yin shiru, gefen hagu ya yi zafi kamar kaskon masa, wani lokaci ma sai ta mutu da kanta ina tsakar aiki. In na kunna ta kuwa, sai in je in yi alwala in dawo ba ta gama buɗewa ba. Batir kuma minti 40 yake yi in an ɗauke wuta. Kundin ƙarshen karatuna yana ciki, wata biyu ya rage in miƙa shi, kuma jika 50 (sefa dubu 50) kaɗai ke hannuna. Don Allah masu sani, in gyara ta ko in sayar in cika in sayi wata?

Mai gyaran kwamfuta, Sabon Gari

Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin komai, yau ɗin nan, kwafe kundin nan wuri biyu: ɗaya a kile USB, ɗaya ka tura wa kanka ta imel. Kwamfutar da ke mutuwa da kanta, ga faifai mai juyawa a ciki, ba wurin ajiye aikin shekara ba ce.

Kada ka sayar. Core i5-8250U ɗin nan shi ne furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, na ƙarni na 8 ne, zuciya huɗu gare shi, ya ishi rubutu da lissafi da bincike har ya yi saura. Cuta uku ka lissafa, kuma kowace da maganinta daban. Ni zan ɗauki ta zafin.

Zafin furosesa yana bin wani bututun jan ƙarfe ne ya kai ga wasu siraran haƙoran ƙarfe masu kama da mataji a bakin tagar da iska ke fita, fanka kuma ta hura shi waje. Ƙurar hunturun da muke sha daga Disamba zuwa Fabrairu tana taruwa daidai tsakanin fanka da haƙoran nan. In aka buɗe, za ka gan ta ta zama wani bargo mai toka-toka, kauri kamar audugar katifa, ana kama shi da yatsa biyu ya ɗago gaba ɗaya. Daga waje ba a ganinsa, shi ya sa hura iska ta taga ba ta wadatarwa. A lokacin sanyi kwamfuta tana jurewa. Da Afrilu ta shigo, iskar gari ta haura digiri 40, sai ciwon ya fito. Yawancin kamfanoni digiri 35 suke rubutawa a matsayin iyakar zafin ɗakin da za a yi aiki da ita. Shi kuwa furosesa ɗinka in ya doshi digiri 100 yakan rage gudunsa da kansa, in bai sauka ba ya kashe kwamfutar don kada ya ƙone. Mutuwar da kake gani ke nan.

Ka sa manhajar HWMonitor, kyauta ce, ka duba. In ba ka aikin komai kuma tana nuna sama da 70, ko da ɗan aiki kaɗan ta kai 95, lokacin buɗewa ya yi. In kai za ka buɗe: kashe ta, cire caja, kwance notocin ƙasa da ƙaramin turnabis, ka jera su a kan takarda yadda suke a jikinta domin tsawonsu ba ɗaya ba ne, dogo in ya shiga ramin gajere yana iya huda allon ciki. Da ka ɗaga murfin, abu na farko ka zare igiyar batir daga allon. Sannan ka cire fanka, ka yaye bargon ƙurar, ka share da busasshen buroshin haƙori. In za ka hura iska, danne fukafukan fankar da yatsa, kada ta yi ta juyawa fiye da ƙima.

Saura man sanyaya, wanda muke ce wa pat tarmik. Kwamfutar da aka ƙera wajen 2018 in ba a taɓa sauya mata ba, ya bushe ya zama kamar busasshen laka. Notocin da ke danne bututun suna da lamba 1, 2, 3, 4 a jiki; bi lambar wajen kwancewa da ɗaurewa. Goge tsohon man da tsumma mai tsabta da alkol mai digiri 90 na kantin magani, ka bari ya bushe, ka ɗiga sabo gwargwadon ƙwayar shinkafa ɗaya. Yawa ba ya ƙara sanyi. Kuma don Allah kada wani ya ce maka man goge baki yana yi. Kwana kaɗan ya bushe. In ba ka taɓa buɗe kwamfuta ba, kai wa mai gyara, ka tsaya a yi a gabanka, aikin rabin awa ne.

Malamin koyar da kwamfuta, unguwar Zariya

Malam ya gama magana a kan zafi. Nauyin kuma faifan ne, ba ƙwayar cuta ba kamar yadda ake yawan zato. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka shiga Performances, ka kalli Disque, wato faifai. In ya tsaya a kashi 100 alhali furosesa yana hutawa, ka kama ɓarawon. Faifan kwamfutar hannu yawanci sau 5400 yake juyawa a minti, yana karanta wajen mega 100 a daƙiƙa in fayil babba ne, in ƙanana ne warwatse kuwa sai allurarsa ta yi ta kai-da-kawo. Maganin shi ne SSD, wani nau'in faifan ajiya da ba abin da ke motsi a cikinsa. Na SATA, wato mai irin mahaɗin tsohon faifanka, yana kai wa mega 500 da ɗoriya, kuma ba ya jin girgizar babur a hanyar jami'a. Buɗewar minti uku takan dawo ƙasa da daƙiƙa 30.

Iri biyu za ka tarar a kasuwa. Akwai mai inci 2.5, shi yana zama daidai gurbin tsohon faifanka, cire wannan sa wancan. Akwai M.2 2280, siriri kamar sandar cingam. Kwamfutoci da yawa na ƙarninka suna da ramin M.2 a allon. In taka tana da shi, sa SSD a can ka bar tsohon faifan ya zama rumbun ajiya. Amma ka duba takardar samfurinta tukuna, domin wani ramin SATA yake karɓa, wani NVMe (wani nau'in mahaɗi daban), wani duka biyun. Giga 256 ya ishe ka. In kuɗi sun kai, 512. Kafin ka biya, a jona shi a buɗe manhajar CrystalDiskInfo ka ga awannin da ya yi yana aiki, don kada a ba ka tsoho a cikin sabon kwali. Da ita kuma za ka duba lafiyar faifanka na yanzu: in ta nuna ruwan ɗorawa, ya fara lalacewa.

RAM bar shi a 8 yanzu. In wata rana za ka ƙara, DDR4 na kwamfutar hannu ne. DDR3 ba ya shiga ramin ko kusa.

Tun da za a sa sabon faifai, a sa Windows 11 kai tsaye. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma ƙarni na 8 shi ne farkon wanda Windows 11 ta yarda da shi a hukumance, wannan ma dalili ne na riƙe kwamfutarka. Kile mai giga 8 ya isa a haɗa ta daga shafin Microsoft. Wajen sawa ka lura da zaɓen madannai: in naka QWERTY ne irin masu shigowa ta Kano ko Dubai aka zaɓa maka AZERTY na Faransa, A da Q za su yi musanya, kalmar sirrinka ta ƙi shiga, ka ɗauka wani abin ne ya lalace.

Wani ɗan ƙungiya

Batir kam ni na ji an ce barin sa a caji kullum ne ke kashe shi. Ya cire shi kawai ya riƙa aiki da wuta kai tsaye.

Mai aikin wuta da sola, Bagalam

A'a ɗan'uwa, wannan shawarar ba ta garinmu ba ce. Batir shi ne garkuwar kwamfuta: in ba shi, duk ɗauke wuta mutuwar farat ɗaya ce, kuma ita ke lalata fayiloli da faifai. Batirin lithium ba ya cika ya wuce. In ya kai 100 allon ciki yana tsayar da cajin. Abin da ke tsufar da shi shi ne zama a cike cikin zafi, da kuma barin sa ya ƙare ƙaf. Shi ya sa kamfanoni suka sa hanyar tsayar da caji a wajen kashi 80 ko ƙasa: Lenovo a cikin Vantage, ASUS a cikin MyASUS, Dell da wasu HP na ofis a cikin BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ta buɗe.

Ƙanena, kada ka yi ta ƙiyasi, auna shi. Buɗe Invite de commandes, wato tagar rubuta umarni ta Windows, rubuta powercfg /batteryreport, za ta nuna maka inda ta ajiye rahoton. Lamba biyu za ka nema: DESIGN CAPACITY, abin da batirin ke ɗauka yana sabo, da FULL CHARGE CAPACITY, abin da yake ɗauka yau. In ta biyu ta faɗi ƙasa da rabin ta farko, batirin ya gama aikinsa. Irin waɗannan batura galibi daga cika-da-ƙarewa 300 zuwa 500 suke fara ja da baya sosai, zafi kuma yana gaggauta abin.

Ka juya cajarka ka karanta bayanta. Za ka ga 100-240V a wajen shiga, wato ƙarancin wuta bai cika damunta ba, ba sai ka kashe kuɗi a kan regilata saboda ita kaɗai ba. Haɗarin yana lokacin da wuta ta dawo da ƙarfi, da kuma tsawar damina. In an ɗauke, zare caja daga bango, in an kawo ka jira minti biyu ko uku. Wajen fita kuma za ka ga kamar 19.5V da 3.33A, ko 20V da 3.25A, duka wat 65 ke nan. In za ka sauya caja, V ɗin dole ya zama iri ɗaya, A ɗin ya kai ko ya fi. Jabu ana gane ta a hannu, ba ta da nauyi, kuma da an jona ta kibiyar allo takan fara tsalle-tsalle. In a gida da sola kuke, aikin rubutu wat 15 zuwa 30 yake ci, ba ya cinye batirin gida. Sai dai ƙaramin inbata mai arha yakan sa caja ta yi ƙara ta yi zafi, ka taɓa ta ka ji.

Hajiya mai shagon buga takardu

Ɗana, bayan gyara sai kiyayewa. Kada ka ɗora ta a katifa ko darduma ko cinya, ta ƙasa take shan iska. Faranti ko katako ya isa, ka tokare bayanta da murfin gora biyu ta ɗan ɗaga. Aiki mai nauyi ka yi shi da asuba ko bayan isha'i, ba ƙarfe biyun rana a ɗakin kwano ba. In ka gama, kashe ta gaba ɗaya kafin ka sa a jaka, ka lulluɓe ta da zane in a tebur za ta kwana. Murfin kuma daga tsakiya ake ɗaga shi, ɗagawa ta kusurwa ke karya maɗaurin da ke riƙe shi. Sharar ciki sau ɗaya a shekara, a watan Maris, bayan ƙura ta lafa kafin zafi ya tsananta.

Mai tambaya

Allah ya saka muku da alheri, iyayena da yayyena. Na kwafe kundin. Rahoton batir ya nuna 41,000 yana sabo, yanzu 13,500. Zafi ya kai 97 da na buɗe bidiyo, faifai kuma yana kashi 100 kamar yadda malamin kwamfuta ya ce. Sai wani abu da ban faɗa ba don ban ɗauke shi komai ba: wurin da ake shafawa da yatsa ya ɗan taso, gefensa ɗaya ba ya dannuwa. Da SSD zan fara ko?

Mai gyaran kwamfuta, Sabon Gari

Tsaya ƙanena, wannan na ƙarshen ya sauya lissafi. Batir yana ƙarƙashin wurin nan ne, kuma tasowar alama ce ya kumbura, iska ta taru a cikinsa. Ɗora kwamfutar a kan tebur ka duba: in tana rawa, ko ka ga ɗinkin gefenta ya buɗe, shi ne. Daina yi mata caji daga yanzu, kada ta kwana kusa da shimfiɗarka. Gobe a cire shi. Kada a danna shi, kada a lanƙwasa, kada a huda shi wai don iskar ta fita, yana iya kamawa da wuta. A sa shi cikin gwangwani da yashi a inuwa, nesa da yara, ba a jefa shi a bolar da ake ƙonawa.

Lambar batirin tana rubuce a jikinsa, ɗauki hotonta, da ita za a nemo sabo, ƙarfinsa ya zo daidai da na tsohon, yawanci 11.4V ko 11.55V a masu ɗaki uku, wato ƙananan batura uku a haɗe. In babu a nan, masu zuwa Katsina da Kano suna kawowa cikin ƴan kwanaki. Da an sa shi ka sake fitar da rahoton nan a gaban mai sayarwa, lambobin biyu su yi kusa da juna.

Tun da za a buɗe ta, a yi shara da pat tarmik a zama ɗaya, kuɗin aiki ɗaya. Abin da ya rage cikin jika 50 ɗin ka sa a SSD mai giga 256. In bai kai ba, ya jira ƙarshen wata. Kwanakin da za ta yi babu batir, ka riƙa danna Ctrl da S don adana aikinka bayan kowane sakin layi, kuma kowane dare sabon kwafi ya shiga kile.