Yaron nan kullum cewa yake zuciyarsa za ta tsaya

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah wa ya san likitan zuciya mai kyau a nan cikin Kaduna? Babban yarona ne, shekararsa 15. Tun abin da ya same su a hanyar Birnin Gwari wata biyar ke nan ba shi da sukuni. Shi ko ƙwarzane bai samu ba, amma a gaban idonsa aka harbi direban. Yanzu ko bokitin ruwa ya ɗauko, da ya ji zuciyarsa ta buga sai ya dafe ƙirji ya ce "Umma mutuwa zan yi." Sau biyu ana gwajin zuciya, an ce lafiya lau. Ƙwallon ma ya daina.

Ɗan Rigasa: Innalillahi. Allah Ya ba shi lafiya, Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa.

Hajiya Babba: A dage da tofi, a riƙa karanta masa Falaƙi da Nasi kafin ya kwanta. Firgita ce.

Sista ta Kawo: Maman Biyu, in dai likita ne ya duba sau biyu ya ce zuciya ƙalau, ba likitan zuciya na uku kike buƙata ba. Tambaye ki: yana mafarkin abin? Yana zabura in salansar babur ta yi ƙara?

Maman Biyu: Wallahi kamar kina gidan. Shekaranjiya murfin tukunya ne ya faɗi, sai da ya shige bayan ƙofa. Kuma mota ba ya yarda ya shiga sai an yi da gaske.

Yaya ta Tudun Wada: 'Yar uwa bari na ba ki labarina, kada ki bi hanyar da na bi. 'Yata tana 14 lokacin da aka yi harbi a bayan layinmu cikin dare, muka kwana a ƙarƙashin gado. Bayan nan sai numfashi sama-sama, yatsunta su riƙa tsami, ta ce hannunta ya mutu. Na fara kai ta wani kemis, ya ba mu ƙwayar barci. Kwana uku ta yi barci, na ce alhamdulillahi. Ranar da ƙwayar ta ƙare abin ya dawo ninki biyu. Daga nan dangin babanta suka ce iska ce. Aka kai ta wurin wani mutum, ya rufe ta da bargo ya turara mata hayaƙi. Yarinyar da dama tsoronta ke nan numfashinta ya ɗauke! Tana shure-shure tana kiran sunana, shi kuwa yana cewa ga shi nan yana fita. Ina tsaye na bari aka yi, har yau abin yana ci mini rai. Wata biyu ba ta yarda a rufe ƙofar ɗaki ba. Daga ƙarshe ƙanina ne ya kai mu asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa. Matar da ta gan mu ba ta yi gaggawar rubuta magani ba. Hira suka riƙa yi, sannan wata rana ta sa ta tsalle a wuri ɗaya na minti ɗaya, ta ɗora mata yatsu biyu a wuyan hannu ta ce ƙirga. Tana kuka tana ƙirgawa, har bugun ya sauka da kansa. Ta ce mata, kin gani, ya hau ya sauko kuma kina nan da ranki. Haka suka yi ta maimaitawa mako-mako. Bana ta zana jarabawar fita sakandare.

Malam na Unguwar Sanusi: Yaya a yi hattara da kalamai. Ruƙiyya ta shari'a gaskiya ce, ba hayaƙi da bargo a cikinta.

Yaya ta Tudun Wada: Allah gafarta Malam ni ban zagi ruƙiyya ba. Abin da aka yi wa 'yata na faɗa.

Malam na Unguwar Sanusi: To madalla. A haɗa da asibiti, neman magani ma umarni ne.

Sista ta Kawo: Abin da Yaya ta kwatanta shi ne ainihin maganar. Yara da yawa suna ganin tashin hankali, kuma mafi yawansu suna warwarewa a hankali. Amma wanda yake tsoron alamomin tsoron kansu, wato bugun zuciya, jiri, gumi, ya fi makalewa. Ranar harin zuciyarsa ta buga da ƙarfi, to yanzu duk bugu yana mayar da shi cikin motar nan. Sai ya tsorata, tsoron ya ƙara bugun, bugun ya ƙara tsoron. Tsamin yatsu kuwa daga saurin numfashi ne, iskar da jiki ke fitarwa takan yi ƙasa a jini, ba shanyewar jiki ba ce. Ka'idarmu, in alamomin sun wuce wata ɗaya suna hana yaro karatu ko barci, a ga likitan ƙwaƙwalwa. Ƙwayoyin barci irin su diazepam kuwa, tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a ba wanda ya shiga irin wannan hali don rage firgita a watan farko bayan faruwar abin. Tsallen nan ma kada a gwada a gida sai ƙwararre ya tsara.

Kawu Direba: Barnawa fa? Gobe a ce yaro ya taɓu. Mutanen unguwa ba sa mantuwa, har ranar neman aure sai an tayar.

Malamar Firamare: Kawu irin maganar nan ce ta sa yara ke ruɓewa a ɗaki. Yaran makarantar Kuriga 137 da aka sace aka dawo da su a Maris 2024, da waɗanda suka sha daji bayan harin jirgin ƙasa na 2022, duk mahaukata ne in sun ga likita?

Kawu Direba: Ni ban ce ba. Abin da jama'a za su ce na faɗa. Ni kaina tun bara na bar lodin Birnin Gwari, ko sunan hanyar na ji sai gabana ya faɗi.

Ɗan Rigasa: To Kawu kai za ka ja motar zuwa Barnawa, a yanka maka kati tare 😄

Kawu Direba: Kai yaro, ka kiyaye ni.

Sista ta Kawo: In Barnawa ne ba ku so, akwai sashen ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Shika, a Zariya. A kuma raba shi da kofi da lemon ƙara kuzari, suna tayar da bugun. Kada a yi ta sa shi maimaita labarin gaban 'yan jaje.

Maman Biyu: Wannan na ƙarshen ya taɓa ni, duk wanda ya zo sai babansa ya kira shi ya ba da labari. Na gode ƙwarai. Yaya, in kira ki anjima? Ina so ki yi wa babansa bayani da bakinki, ni ba zai saurare ni ba.

Yaya ta Tudun Wada: Kira ni bayan isha'i, sai ki ba shi wayar.