Taƙaitawa: Me addinai suka ba ɗan Adam?

'Yan uwa, ga abin da na tattaro daga muhawararmu.

1. Kusan kowa ya yarda addinai sun koya wa mutane ciyar da mabuƙaci: zakka da waƙafi a Musulunci, asibitocin mishan, da ɗakin girkin mabiya addinin Sikh a birnin Amritsar na Indiya inda kowa ke zama a ƙasa ya ci kyauta.

2. Kan mabiya addinin Hindu a Indiya, da yawa sun yaba haƙurinsu da baƙo. Farisawa masu bin Zoroaster sun sami mafaka a Gujarat, Yahudawa suka zauna ƙarnoni a Kochi. An kuma ambaci Charvaka, mazhabar da ta musanta lahira, amma aka yi ta muhawara da ita. Wannan ya burge ni ƙwarai.

3. Nan aka rabu. Wasu suka ce ina haƙurin ga 'yan Dalit, waɗanda tsarin aji-aji na Hindu ya ajiye a can ƙasa, har jagoransu Ambedkar ya koma addinin Buddha a 1956? Suka tuna rushe masallacin Babri da gungun mabiya Hindu suka yi a 1992. Wasu suka amsa cewa siyasa ce ta jawo hakan, koyarwar daban take.

4. An ba da shawarar a karanta addinin wani daga bakin mabiyansa kafin a yanke hukunci.