Neman shawara: ƙofar tsohon gidanmu tana jan mutane idan an yi ruwa

Mai neman shawara:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Gidan mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yana cikin birnin Zariya, rabinsa ginin ƙasa ne rabinsa bulo, kuma tun da aka ja masa wuta a zamanin NEPA ba a taɓa sauya wayoyinsa ba, sai dai ƙari duk lokacin da aka gina sabon ɗaki. A farkon daminar bara iska ta ɗage wani sashe na kwanon rufi, ruwa ya sauka cikin silin da bango. Mun gyara rufin, amma tun daga lokacin idan aka yi ruwa ƙofar ƙarfe ta ɗakin mahaifiyarmu takan ja wanda ya taɓa ta, sannan a wani dare da aka yi tsawa firji da talabijin suka ƙone tare. Mahaifiyarmu tana zaune a gidan da jikoki ƙanana, abin da ya hana ni barci ke nan. Kuɗin hannuna ba zai isa a sake komai lokaci guda ba. Wasu sun ce in sayi babbar sitabilaiza, wasu sun ce in kafa ƙarfen kama tsawa. Da me ya kamata in fara kafin damina ta kankama?

Amsar wani mai aikin wayar lantarki:
Wa alaikumus salam Malam. Ƙofar da take jan mutum ita ce maganar gaggawa, domin firji ana sake saya. Abin da yake faruwa shi ne robar wata tsohuwar waya ta tsage, ko kuma akwai haɗin da aka naɗe da salatif a cikin bango, to idan bangon ya jiƙe sai wuta ta bi danshin ta isa ƙarfen. Wutar gida bolt 230 ce, kuma ta isa ta kashe babba, balle yaron da yake tsaye ba takalmi a jiƙaƙƙen daɓe. Yau ɗin nan a cire fiyus ɗin wannan sashe, Hajiya ta yi haƙuri da fitila mai caji har a gyara.

Daga nan ga yadda zan kashe kuɗin da gidana ne. A fara da allon rarraba wuta: a fitar da tsofaffin fiyus, waɗanda na tabbata an sha ɗaura musu waya mai kauri idan sun tsinke, a sa bireka, tare da na'urar da ake kira RCD mai miliamfa 30, wadda take yanke wuta nan take idan ta fara zurarewa ta jikin mutum ko ta bango. Bireka ta yau da kullum waya take karewa daga zafi, ba ta san an ja mutum ba. A tare da wannan a yi wayar ƙasa, wadda muke kira atin, wato a kafa sandar jan ƙarfe a wuri mai danshi a haɗa ta da allon da kowane soket. Yawancin tsofaffin gidajen da nake shiga, ramin soket na uku babu komai a bayansa.

Sai dai in faɗa maka tun yanzu, idan aka sa RCD a kan ruɓaɓɓiyar waya za ta riƙa yankewa duk ranar ruwa, kuma mutanen gida za su gaji su ce a cire ta. Kada ka yarda. Yankewar tana nuna layin da yake da ciwo, shi za a fara sakewa, ɗaki bayan ɗaki, da waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5 ga fitilu da 2.5 ga soket. A ginin ƙasa na fi son a bi da ita cikin bututun roba a saman bango inda ido yake gani. A kula wajen saye, domin akwai wayar alminiyum da ake shafa wa launin jan ƙarfe. A kankare bakinta, idan fari ya bayyana a ajiye ta.

Amsar wata 'yar uwa daga Sakkwato:
Ɗan uwa, a kan ƙonewar kaya zan yi magana, domin ta same mu. Mu ma mun ɗora wa tsawa laifi, ashe iska ce ta kaɗa wayar da ta taso daga falwaya zuwa gidanmu har wayar nutiral, wadda wuta take komawa ta cikinta, ta saki. A gidan da yake da layi uku, ko idan nutiral ɗin unguwa ya tsinke, wutar da take shiga soket tana iya hawa har kusan bolt 400, sai ka ga ƙwan fitila ya yi haske fiye da kima kafin ya fashe. Ka sa a duba inda wayar take shiga gidanku, musamman idan tana gogar bakin kwano. Aikin kan falwaya kuwa na ma'aikatan kamfanin rarraba wuta ne, kada a bar wani yaron unguwa ya hau. Ni dai yanzu da na ga hadari ya haɗo nake zare firji da talabijin da wayar eriya.

Amsar wani malamin kwalejin fasaha:
Na goyi bayan tsarin da aka ba ka. Sitabilaiza tana daidaita wutar da ta yi ƙasa ko ta ɗan hau, amma bugun tsawa yana wucewa cikin ƙasa da ƙiftawar ido, kafin ta motsa ya gama ɓarna. Akwai ƙaramar na'urar kare bugun wuta da ake sawa a allo, sai dai ita ma ta wayar ƙasa take zubar da abin da ta kama, don haka ba ta da amfani sai an yi atin. Haka ƙarfen kama tsawa: idan ba a saukar da shi ƙasa yadda ya kamata ba, hatsari ya ƙara wa gidan, kuma gidan da ba bene ba a tsakiyar gari zai iya jinkirta shi. Ka nemi ma'aikacin da yake da shaidar NEMSA, hukumar da take kula da ingancin aikin wutar lantarki, ka kuma ce ya auna atin ɗin da na'ura a gabanka. Ina da tambaya ɗaya: kuna da janareta, kuma ta yaya kuke haɗa shi?

Mai neman shawara:
Allah ya saka muku da alheri. Na kira ƙanina ya cire fiyus ɗin sashen Hajiya, ta koma ɗakin da aka gina daga baya. Game da janareta, Malam, gaskiya waya muke cusawa a soket bayan mun zare fiyus ɗin mita.

Malamin kwalejin:
To wannan ma ya shiga aikin farko. Ranar da aka manta ba a zare ba, wutarku za ta koma kan layi ta sami ma'aikacin da yake gyaran wayar da iska ta tsinka, ko kuma a kawo wuta ta haɗu da ta janareta. A sa makunnin sauya layi, wanda yake raba wutar janareta da ta kamfani, a ranar da za a sauya allon, kuɗinsa bai kai na sitabilaizar da ka yi niyyar saya ba.