Wane gwaji ne ke tabbatar da ciwon sukari?

Mai Tambaya:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina neman shawara game da mahaifiyata. Jiya da safe, kafin ta ci komai, na auna mata sukari da na'urar gida wadda ake huda yatsa, sai ta nuna 131. Na ji an ce daga 126 zuwa sama ciwon sukari ne, shi ya sa hankalinmu ya tashi. Ba ta yawan fitsari, ba ta yawan jin ƙishirwa, kuma ba ta rame ba. Shin wannan sakamakon ya isa a ce tana da cutar?

Tsohon Ma'aikacin Ɗakin Gwaji:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ƙara wa Mama lafiya. Adadin da kika ji daidai ne, amma an ɗora shi ne a kan jinin da aka ɗiba daga jijiya aka auna a ɗakin gwaji, bayan mutum ya yi aƙalla awa 8 bai ci komai ba sai ruwa. An yi na'urar gida ne domin wanda aka riga aka tabbatar masa da cutar ya riƙa bibiyar jininsa. Ƙa'idar da ake bi a duniya ta yarda na'ura mai kyau ta kauce da kashi 15 cikin ɗari idan sukarin ya kai 100 ko ya wuce, ma'ana jinin da ainihin sukarinsa 120 ne yana iya fitowa 102 ko 138, kuma ba za a ce na'urar ta lalace ba. Tsinken gwajin da wa'adinsa ya wuce ko ya sha zafi, da yatsan da ya taɓa abu mai zaƙi ba a wanke ba, duk suna ƙara kuskure. Ki kai ta asibiti a ɗibi jinin jijiya. Tunda ba ta da alamomi, ko an sami 126 ko fiye, sai an sake gwajin an kuma samun haka kafin a yanke hukunci.

Baban Gida:
Ni da za a bi tawa, a yi mata gwajin HbA1c kawai. Ba ya buƙatar zama da yunwa, kuma yana nuna matsakaicin sukarin wata biyu zuwa uku da suka wuce, domin sukari yana manne wa jajayen ƙwayoyin jini, su kuwa suna rayuwa kimanin kwana 120. Kashi 6.5 cikin ɗari zuwa sama shi ne ciwon sukari, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi tun shekarar 2011.

Maman Yara:
Alhaji, gwajin yana da kyau, amma ina roƙon a yi hattara, domin ni ya taɓa ruɗa ni. An yi mini shi lokacin da nake fama da ƙarancin jini, ya fito sama da iyaka, aka ce in shirya fara shan magani, na yi makonni cikin damuwa. Da wata likita ta duba, ta sa aka yi mini gwajin safe, wato na jinin jijiya kafin cin abinci, sau biyu, duka lafiya lau, sannan ta bayyana mini cewa ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini yana iya ɗaga sakamakon ba tare da sukarin ya hau ba.

Ma'aikaciyar Jinya:
Hajiya ta faɗi gaskiya, kuma kuskuren da ya fi tsoratar da ni shi ne na ɗaya ɓangaren. Duk abin da ke rage tsawon rayuwar jajayen ƙwayoyin jini, kamar cutar sikila, ko zubar jini mai yawa, ko ƙarin jini da aka yi kwanan nan, yana iya sa sakamakon ya fito ƙasa da gaskiya, a sallami mai cutar a ce masa ba shi da komai. Masu ciwon ƙoda mai tsanani da masu juna biyu ma ba a dogara da shi a kansu. Ga irin waɗannan, gwajin shan ruwan sukari ya fi dacewa: a ɗibi jini da safe, a ba mutum giram 75 na gulukos a ruwa ya sha, ya zauna awa 2, a sake ɗiba. Ga wanda ba mai juna biyu ba, idan ya kai 200 ciwon sukari ne, tsakanin 140 da 199 kuma gargaɗi ne. Yana da wahala, amma yana kama waɗanda gwajin safe yake kuskurewa.

Mai Tambaya:
Na gode ƙwarai. Yaya, gwajin fitsari fa? Maƙwabciyarmu ta ce shi ya fi sauƙi.

Tsohon Ma'aikacin Ɗakin Gwaji:
Kada ki dogara da shi, domin galibi sukari ba ya fita a fitsari sai ya wuce kimanin 180 a jini. Idan kun je, ki tambaya ko za a auna jinin nan da nan, saboda ƙwayoyin jini suna ci gaba da cin sukarin da ke cikin kwalba, jinin da ya daɗe a ajiye ba a tace shi ba yana nuna ƙasa da gaskiya. Ki kuma duba ma'aunin da aka rubuta a takardar sakamako. Wasu wuraren milimol suke amfani da shi, inda 7.0 yake daidai da 126. Sai ki ninka adadin sau 18 ki sami wanda kika saba gani.

Ma'aikaciyar Jinya:
Ki faɗa wa likita duk maganin da Mama take sha, musamman irin su furedinisolon, wani maganin rage kumburi, domin suna ɗaga sukari. Idan kuma tana zazzaɓi a yanzu, likita yana iya cewa a jira ta warke kafin a ɗibi jinin.

Mai Tambaya:
Ba ta zazzaɓi, amma an taɓa ce mata jininta ya yi ƙasa, don haka zan nemi a duba wannan ma tare da gwajin safe. Gobe da sassafe za mu tafi, in Allah ya yarda, ruwa kawai za ta sha bayan abincin dare.